Mala da Ƙwaƙwalwar Keken Ɗinki

Mala tela ne a Fagge, jikan wani ɗan Borno da ya zo Kano fataucin yadi bai koma ba. Ba ya iya daɗewa kan abu ɗaya. Ya tuƙa adaidaita sahu, ya yi tsaron shago a Kantin Kwari, kafin ya sayi keken ɗinki mai kwamfuta da ke yi wa riguna aikin wuya.

Ana dab da Sallah wuta ta dawo da ƙarfi, ta ƙone allon lantarkin da ke sarrafa keken. Ya kwance shi ya kai Sabon Gari wajen Adaeze, mai gyara da sayar da kayan lantarki.

Ta jujjuya allon ta ce, "An daina yin irin wannan. Ga sabo, amma ƙwaƙwalwarsa ba za ta gane manhajar kekenka ba."

"Ba duk kwamfuta ba ce?"

"Malam Mala, taka x86 ce, wannan ARM. Kowace da umarnin da take ji. Abin da tsohuwar ke yi da umarni ɗaya, wannan sai ka gutsuttsura mata: ɗauko, haɗa, ajiye."

Ya koma gida ya mayar wa mutane yadinsu, ya sha faɗa. Amma maganar ta hana shi sakat. Kullum da hantsi yana shagon Adaeze, bai zauna ba bai tafi ba, sai tambaya. Da ta gaji, ta zaunar da shi gaban kwamfutarta, suka fara rubuta wa sabon allon umarni. Ya rubuta, ya goge, ya fita ya zaga kasuwa, ya dawo.

Damina ta wuce kafin allura ta motsa. Furen farko da keken ya ɗinka ya fito a karkace, kamar an taka shi. Mala ya riƙe ƙyallen yana ta dariya har maƙwabta suka leƙo. Sai a gwaji na gaba zaren ya bi hanya.

Bai ƙara ɗinka riga ba. Ƙanwarsa Kubura ce ke kan keken yanzu. Shi kuwa Adaeze ta ba shi teburi a shagonta, kuma ta yi kuskuren gaya masa akwai wata ƙwaƙwalwar, RISC-V, wadda kowa ke da damar ƙerawa. Ya sa an yi masa odarta daga Legas. Duk motar kayan da ta tsaya a layin, Mala ne farkon fita.