Auren Magaryar Baba Na'ibi

A Karantina, unguwarmu ta Jidda, inda ko kaza sai ta yi shawara kafin ta sha ruwa, Baba Na'ibi ya ga babu abin da ya dace da shi sai renon itace. Ɗan ga-ruwa ne, yana yini da garwa biyu a kafaɗa. In ya dawo, garwar ƙarshe ba ta matarsa Dela ba ce, ta magaryar tsakar gida ce. Dela kuwa sai ta yi wanke-wanke da haƙuri.

Uwarsa ce ta shuka magaryar nan. Tun daga Haɗeja ta ƙullo ƙwallayen a bakin zane, ta zo da su a ƙafa ta Sudan. Duk Jidda babu irinta, 'ya'ya ɓul-ɓul, ga zaƙi. Ita ce kaɗai gadonsa, don tsohuwar ba ta bar ko tabarma ba.

A zamanin da talabijin ya shigo gari, gishiri ya taso a ƙasar unguwarmu, magarya ta fara bushewa daga sama. Othman, wani Bahaushen Sudan mai kula da lambun wani attajiri a unguwar Bani Malik, ya ce maganin ɗaya ne, a yi mata aure. A samo ƙaramar kurna, wadda gishiri bai dame ta ba, a tsaga ta, a soka reshen magarya a ɗaure da tsumma.

Baba Na'ibi ya wanke jallabiya, ya tafi roƙon dashen kurna wurin attajirin da kansa. Sai ya ɗauki maganar Hausa ya juye ta cikin Larabci yadda take. Ya ce yana da wata tsohuwa a gida, ta kusa mutuwa, yana son ya aura mata yaron gidan nan. Ashe ɗan attajirin bai daɗe da dawowa daga karatu a Masar ba. "Yalla, barra!" in ji attajiri, wato maza waje. Takalmansa ma daga baya aka jefo masa. Othman ne ya kawo dashen washegari, yana dariya har da hawaye.

Mu ma mun yi dariyar, wallahi. Mata suka riƙa tambayar Dela ranar buɗar kai. Amma auren ya kama. Tsohuwar magarya ta mutu, Dela ta yi tuwo da itacenta babu ko ta'aziyya, reshen nan kuwa ya fid da ganye.

Kafin ya yi fure, yanar ido ta rufe Baba Na'ibi. Ya ajiye garwar mutane, bai ajiye ta itacensa ba. Ɗansa Abdulghani, direban tasi, haifaffen Jidda mai son tsari, ya ga kurna ta yi rassa masu ƙarfi daga gindi, ga wani siriri a sama da tsumma ya ɓata mata kyau. Ya sa wuƙa ya gyara, ya datse siririn nan na magarya. Sannu da aiki, Abdulghani! Dela ta ɗora hannu a ka, ta ce halas, aikin gama ya gama, kada wanda ya faɗa wa Baba Na'ibi. Unguwar da ba ta iya riƙe sirrin kowa, wannan karon ta riƙe. Kullum muna kallon makaho yana lalube yana ba kurna ruwa, yana yi mata hira da Hausar Haɗeja. Abin ya daina ba ni dariya.

Ranar da 'ya'ya suka nuna, ya ce a tsinko masa. Ya sa ɗaya a baki, ya tauna a hankali, ya tofar da ƙwallon a tafinsa yana shafawa.

"Dela, yaushe amarya ta fita?"

"Tun bara waccan, Malam."

Ya yar da ƙwallon.

"Shi ne kuka bar ni ina yi wa ango jigilar ruwa?"