Kwanon Tangaram na Alhaji Tamimu

Yau Juma'a, 17 ga Nuwamba, 2017. Ƙafafuna sun kumbura, ko masallaci ban iya zuwa ba, hannuna kuma yana rawa, sai a yi haƙuri da rubutun.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, 4 ga wata, Allah Ya karɓi ran abokina Alhaji Tamimu na unguwar Highbridge a nan ƙasar Turawa, mai sayar da tsofaffin kwanuka.

Tamimu, shekara tara kana hawa bene huɗu kowane mako ka kawo mini tuwo, ba ka taɓa gajiya ba. A wurinka na san darajar tangaram. Ka nuna mini kwanon jeren kakarka, wanda ka taho da shi daga zangon Kumasi a naɗe cikin rawani. Ka ce a Scotland aka gasa shi sama da shekara ɗari, aka zana furanninsa da hannu, jirgin ruwa ya kawo shi ƙasarmu. "Malam, duba da kyau," in ji ka, "hannun mutum ba ya yin fure biyu iri ɗaya."

A asibiti ka riƙe hannuna ka ce a kai wa 'yarka Suweiba kwanon nan can Kumasi. Babu wanda ya ji sai ni.

Ranar sadakar uku aka kai ni gidanka. Na tarar da kwano a mazauninsa, na sa tabarau. Furanni shida, duk iri ɗaya, kamar an buga hatimi. Na tambayi Uwaisu, ɗan ƙanenka, wanda makullin gidan yake hannunsa.

Ya ce, "Haba Baba, idonka ne. Kwano ai kwano ne."

Wataƙila idona ne. To, me ya hana shi kallona? Kuma wane Bature ne maƙwabta suka gani yana fita daga gidanka da kwali? Ina tsoron zargin bawan Allah, amma wasiyyarka tana wuyana, ni ma kwanana sun ƙure.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Suweiba, 'yata, Allah Ya ba ki haƙuri, ke da dangi duka. In kwano ya iso gare ki, ki duba furannin ɗaya bayan ɗaya.

Jiya Uwaisu ya yi alkawari a waya zai zo yau bayan sallar Juma'a mu yi magana. Na bar ƙofa a buɗe. Magariba ta yi, bai zo ba.