Tsohon Mai Haƙar Rijiya da Masu Neman Duniyoyi

Ko zan manta da komai na shekarar da damina ta yi mana gardama, ban da ranar da na yi hira da tsohon mai haƙar rijiya a bakin rami. Rijiyar ƙauyenmu, can gefen Ɗambatta, ta ƙafe ƙaf, mata sai sun yi tafiyar rabin wuni kafin su samo tulu guda. Mahaifina ya riga ya yanke magana: in wannan haƙa ta uku ba ta ba da ruwa ba, zai sayar da gonar gado mu koma Kano.

Lokacin ina sabon malamin kimiyya, ina jin kaina, kullum da mujalla a hammata. Da hantsi na je wurin, na tarar tsohon ya fito daga rami yana naɗe igiyarsa. Zurfin gaba goma sha biyu ya haƙa, ƙasar a bushe kamar gari.

"Malam, na haƙura," in ji shi. "Me kake karantawa haka?"

Don in nuna masa na yi boko, na ce masana ne ke neman wasu duniyoyi da ke zagaya taurari masu nisa, ko akwai mai rai a cikinsu.

"To da me suke fara dubawa?"

"Ruwa, Baba. Duniyar da ba ta matso kusa da ranarta ta ƙone ba, ba ta kuma yi nisa ta daskare ba."

Ya yi dariya. "Ashe abokan sana'ata ne! Sun sha ruwan?"

Na ce ina! Alama kawai suke gani a cikin haske, tafiyar ta fi ƙarfin ran ɗan Adam, ko jikokinsu ba za su isa ba.

"Kuma ba su daina ba?"

"Ba su daina ba, Baba."

Ya juya ya kalli ramin. Ya ce, "Masu neman ruwan da ba za su sha ba ba su gaji ba, sai ni da ƙasa ke ƙarƙashin ƙafata? Riƙe min igiyar nan."

Kwana uku ina jan guga, hannuwana na alli duk suka yi kanta. Ran na huɗu da la'asar gugan ya zo da nauyi, na leƙa na ga yashi baƙi, jiƙe sharkaf. Daga ƙasa muryarsa ta taso: "Kai wa mahaifinka saƙo, ka ce ya ajiye maganar Kano!" Wallahi kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba.

Ban taɓa ganin mutum irinsa ba. Ni na karanta labarin don in yi taƙama, shi ya ji shi sau ɗaya ya koma rami. Tun daga ranar na san ilimi ba na wanda ya fara sani ba ne, na wanda ya tashi ya yi aiki da shi ne.