Alli da Kananzir a Farin Gada

A Farin Gada, inda ake lodin kayan gwari, an san Natana'el da abu biyu: ƙaramar guduma, da taurin kai. Bakanike ne, shekara talatin yana shiga ƙarƙashin manyan motoci. A wurin mahaifinsa, mai gyaran injinan haƙar kuza a Bukuru, ya gaji maganar da 'yan lodi ke tsokanarsa da ita, wai ƙarfe ma yana gajiya.

Shi kuwa da gaske yake. Yakan ce ba rami ɗaya ke karya aksul, ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ba. Wannan jijjiga ƙarama, waccan babba, ba mai sanin wacce za ta zo gobe, amma in suka taru dubu-dubu sai sun ci ƙarfen. 'Yarsa mai karatun lissafi a jami'a ta ce masa abin har suna gare shi a littafi. Ya ce ta riƙe sunan. Shi abin da ya riƙe shi ne ƙaninsa, wanda shi Natana'el ya taɓa duba wa mota da ido kawai ya ce lafiya lau, aksul ya karye da shi a gangaren Hawan Kibo. Wannan ciwo bai taɓa warkewa ba.

Ran wata Talata da hantsi, Moshood direba, abokinsa na shekaru, ya gama lodin tumatir zai tafi Fatakwal. Natana'el ya ƙwanƙwasa aksul ɗin gaba kamar yadda ya saba. Ƙarar ba ta yi masa ba.

"Kashe motar," ya ce.

"Haba Oga Nata, motan nan ko rami mai kyau bai taɓa faɗawa ba," in ji Moshood.

Madam Ogechi, mai tumatir ɗin, ta taso kamar ta cinye shi ɗanye. "Rana yana dukan kaya na! In ya ruɓe, kai za ka sha?"

Natana'el ya ɗauko kananzir da alli. Ya shige ƙarƙashi, ya wanke ƙarfen da kananzir, ya goge tas, ya shafe shi da jiƙaƙƙen alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya ciki zai fito ya ɓata farin. Sai dai abin yana son jira.

Minti goma, alli fari fat. Minti ashirin, haka. 'Yan lodi suka fara dariya. Ruwan tumatir ya fara ɗiga daga kwandunan ƙasa. Moshood ya gaji, ya hau ya tada inji don ya tsorata shi.

"Fito mana!"

"Sai dai ka bi ta kaina," in ji Natana'el.

Yana kwance, kansa dab da taya, gumi na shiga masa ido. Tsoro ya kama shi, har ya fara zargin kunnensa, ko tsufa ne ya soma yi masa wasa.

Sai ga shi. Wani siririn layi kamar silin gashi ya keto cikin farin, yana ƙara tsawo, har ya zagaye rabin aksul ɗin.

Moshood ya sauko, ya rarrafo ya gani. Sannan ya fito. Ya zare makulli, ya laluba wayarsa, ya kira matarsa.

"Rodiat, ki sa abinci da ni. Yau a gida zan ci."

Natana'el bai fito ba tukuna. Ba ya son su ga idanunsa.