Albasa Ɗaya Daga Tsakiyar Tuli

Jiya a kasuwar Bagudo tulin albasar wani ya rushe a gabana. Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya, yayana nake ta tunawa.

A shekarun samun 'yancin kai yana jami'a, yana lissafin yadda ƙwayoyin cikin ƙarfe suke jeruwa, da wata na'ura da ya ce ta cika ɗaki. Har ya zama farfesa hannunsa bai san hutu ba. Wata rana da ya zo hutu muka je kasuwar bakin iyakar Dahome. Ya tsuguna gaban wata tsohuwa, ya zare albasa ɗaya daga tsakiyar tulinta. Sai ga sauran suna gangarowa har ƙafafuna, warinsu ya cika mana hanci.

"Ɗan nan, mi na yi maka?" in ji ta da Hausarta ta Dendawa.

"Yi haƙuri, Inna." Yana tsince mata su ya dube ni, idonsa na ƙyalli. "Kin gani? Haka ƙarfe ka karyewa. Gurbi guda ya isa."

Na ja hannunsa don kunya.

Tun da Allah ya zare shi daga cikinmu, gidanmu bai sake taruwa ba. Allah shi ba ka hutun da ka ƙi yi a duniya, Yaya. Mu kuma shi tsince mu.