Ɗakin da Kawuna Ya Cire wa Ƙyaure

Shekarun baya, lokacin da mutanen ƙauyuka suka riƙa gudowa Goronyo saboda ɓarayin daji, kawuna ya share ɗakunan da yake ajiye albasa, ya ce samarin da ke kwana a tasha su zo su zauna har su samu madafa. Ba haya. Da safe a tafi fadama tare, a koyi noman rani. Wanda ya tsaya da ƙafarsa ya bar wa wani ɗakin.

Ni ne mai ɗauko su. Akwai wani saurayi da na kawo, siriri, ba ya yawan magana. Don in burge, na sayo masa sabon kwaɗo, na ce, "Ga ɗakinka, ka rufe abinka." Ina ta jin kaina babban mai taimako.

Washegari na same shi a tasha, kwance kan buhu. Na mayar da shi, ya sake komawa. Raina ya ɓaci, na ce wa kawu yaron nan butulu ne, a ba wani ɗakin, ga masu jira da yawa.

Kawu ya ce, "Kai dai ka faye gaugawa. Ka tambaye shi?"

Ban tambaya ba. Da ƙafarsa kawu ya taka har tasha, ina biye, ya tsuguna gaban yaron.

"Ɗana, mi ya kore ka?"

Yaron ya ce, "Baba, ranar da sunka zo garinmu, cikin ɗaki sunka rufe mu, sannan sunka sa wuta. Ni kaɗai na fita."

Kawu bai yi masa wa'azi ba. Muna dawowa ya ce in kawo guduma, ya ɓalle ƙyauren, ya jingine shi a bango. "In ka so shi, kai za ka maida da hannunka."

Yaron ya zauna. Damina ta zo, feshin ruwa na shiga, awaki na leƙa shi, bai damu ba. Sai bayan an cire albasa na ji bugun guduma wata safiya. Shi ne, yana kafa ƙusa.

Yau yana da mata da gonarsa a bakin dam ɗin Goronyo. Ni kuwa har yanzu ina mamakin tsohon nan. Na yi zaton ba mutum ɗaki shi ne taimako. Kawu ya fara tambaya tukuna.