Gem Ɗin Da Ya Yi Waƙa A Zauren Surukina

Masana tarihi sun cika littattafai da labarin daulolin da yaƙi ko fari ko cin amanar fadawa ya rusa, amma har yau ban ga wanda ya zauna ya rubuta yawan mutuncin da ya zube a duniya saboda maɓallin kashewa da ba ya kashewa ba. Wannan babban giɓi ne a ilimi, kuma shi nake so in cike da abin da ya same ni, domin masu tara gem ɗin hannu irina su ɗauki darasi.

A farkon shekarun casa'in ni saurayi ne, ticha a wata makaranta a Bawku, ɗan gidan fataken goro na Salaga da suka koma cinikin doya. Kakannina sun tara goro da shanu, ni kuwa gem nake tarawa, ƙananan na'urorin nan masu batir da ake jera bulo a cikinsu yana gangarowa. Ina da su cike da akwati, kuma ina ɗaukar kaina masani. A lokacin ina neman wata ma'aikaciyar jinya 'yar Yendi. Manyana sun je sun yi magana, mahaifinta ya ce ba zai ce eh ko a'a ba sai ya ga yaron da idonsa, don an gaya masa ticocin zamani a tsaye suke gaida manya, hannu a aljihu. Kawuna ya aiko cewa mu haɗu a Yendi, kuma in zo da gwiwoyina.

A tashar Bawku na yi kuskuren. Wani mai tebur ya baje gem da suka shigo ta kan iyaka a Pusiga, an rubuta a goshin kowanne jerin tara-tara, wai yawan wasannin da ke ciki ke nan. Na ɗaga ɗaya na ji shi sakayau kamar ɓawon gyaɗa, na girgiza na ji wani abu yana yawo a ciki. Duk ilimina ya ce in ajiye. Mai tebur ya rantse cewa ko a Lome ba a samun irinsa, ni kuma na tuna tsawon hanya, na saya. Kafin mu wuce Garu na gane wasannin dubban nan wasa ɗaya ne da yake canza riga. Duk da haka na yi ta dannawa har Yendi, sannan na kashe shi, na jefa a aljihun wando, na saki riga a kai.

Wanda bai san gaisuwar Dagomba, mutanen Yendi, ba, to ba a tsaye ake yin ta ba. Tsugunawa ake yi har ƙasa, a kan dugadugai, ana tambaya ana amsawa da naa, kuma ƙarami ba ya miƙewa sai an gama. Muka tarar da tsohon shi kaɗai a zaure, zaune kan buzu, idonsa a kaina kamar mai duba saniya a kasuwa. Na tsuguna yadda kawu ya koya mini. Wando ya matse, cinya ta danne aljihu, sai ga waƙa ta tashi daga jikina, siririya mai tsini, kamar sauro ya koyi busa sarewa.

Na auna halin da nake ciki da sauri irin na mai jarrabawa. In na miƙe, na tabbatar da abin da aka faɗa game da ticoci. In na sa hannu a aljihu, na tabbatar da sauran rabin. Na matse cinya ko maɓallin rage murya zai dannu, sai ya ƙara. Kawu ya fara tari irin na wanda ya shaƙi barkono, yana hararata ta gefen ido. Abu ɗaya ya rage mini: na san irin waɗannan gem ɗin cin batir suke yi kamar gara, kuma wannan ya sha dannawa tun daga Bawku. Sai na yanke shawarar in ɗaga murya sama da tasa, in ci gaba da gaisuwa har ɗayanmu ya mutu.

Na tambayi Baba lafiyar gida, ya ce naa. Na tambayi iyali, da gajiya, da gona, da ruwan bana. Da na ƙare abin da aka saba, na shiga doya, na fita na shiga shanu, na gaida zabbi, na gaida maƙwabtan gabas da na yamma, na tambayi rijiya ko tana nan da ruwanta. Da Hausa ta ƙare na koma guntun Dagbancin da na tsinta a aji, na sake bin layin daga farko. Gumi yana bin bayana, tsohon kuwa bai fasa naa ba, bai kuma ɗauke ido ba. Can sai waƙar ta fara jan ƙafa, ta yi kauri kamar mai jin barci, ta yi wani ɗan kuka na ƙarshe, ta yi shiru. Na ƙara gaisuwa biyu a kan gawarta don kada a ce na gudu daga fili.

Tsohon ya juya ga kawu ya ce a je a gaya wa mutanen Salaga su kawo goronsu, domin tun da yake bai taɓa ganin ɗan boko mai gwiwa irin wannan ba. Sai da kawu ya kama ni na iya miƙewa. Da muka fita ya ce da na sanar da shi cewa da makaɗa zan zo, da ya sa babbar rigarsa ta Sallah, kuma in ya sake ganin abin nan a hannuna, shi da ni duka zai jefa a kogin Daka. Ban ji haushi ba. Na yi karo da injin ƙasar waje a gaban surukina, kuma batirinsa ne ya ƙare, ba nawa ba.

Na daɗe ina nazarin wannan rana, kuma ga abin da na fahimta. Duk gem ɗin da ya yi maka alkawarin dubbai, ƙarya yake yi, kuma mai ƙarya a goshi zai yi ta a maɓalli. In ka ɗaga ka ji ba nauyi, ko murfin batirinsa sai an ɗaure da roba, ko fuskarsa ta dushe da an fita rana, ka bar wa mai tebur kayansa, ko da akwatinka yana da gurbi. In kuwa zuciya ta rinjaye ka ka saya, ka cire batir kafin ka shiga gaban manya. Ba kowa ne Allah ya ba murya da gwiwa da ƙarfin hali irin waɗanda na nuna a zauren nan ba, kuma ina faɗin haka ne ba don alfahari ba, sai don tarihi.

Bayan biki na ba amarya labarin wannan nasara tun daga tashar Bawku. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce babanta ya kurumce tun tana goye.